Gangaren Dutsen Ƙubrus

A lokacin ina saurayi, haifaffen Jidda, ina aikin akawu a wani ofishin jiragen ruwa a unguwar Bagdadiyya. Keke ne abin hawana, kuma a ganina duk unguwarmu ta Ammariyya babu wanda ya kai ni iya shi. Ina da amini, Bahaushen Sudan, ɗan dako a tashar jiragen ruwa, shi ke ciyar da mahaifiyarsa da ƙannensa. Da muka sami hutu da gurbi a jirgin da zai je tsibirin Ƙubrus, muka shirya zagaya duwatsunsa a kan keke. Hajiyarsa ta ce Allah Ya kai mu lafiya.

Mun yi hayar kekuna a bakin teku. Mai shagon ya yi ta nuna mana birki yana magana da yarensu, mu kuwa dariya muke, abokina yana cewa yalla, mu tafi, rana na yi. Hawan dutsen ya ba mu wuya, amma saukowa ce ta zame mana masifa. Mu da muka saba da shimfiɗaɗɗen titin Jidda, sai muka danne birki ba sassauci har robar ta yi zafi ta daina kamawa. Ina ji yana kiran sunana, ya wuce ni kamar iska, a wata kwana ya ɓace.

Na same shi can ƙasa cikin duwatsu, ƙafarsa ta karye, jini na zuba. Ya riƙe rigata yana roƙona kada in bar shi, ni kuma na san in na zauna mutuwa zai yi. Na ɗaure ƙafar da rawanina, na ce masa: "Wallahi zan dawo, ɗan'uwa." Na gangara da gudu, ina tunanin da wane baki zan gaya wa Hajiya. A ƙauyen da na isa babu mai jin Larabci, balle Hausa. Na yi ta nuna dutse ina kuka, mutane na ja da baya, har wata tsohuwa ta ga jinin hannuna ta ƙwala wa maza kira. Da jaki da tabarma aka sauko da shi.

Ya rayu, amma da ɗingishi ya koma Jidda, dako kuwa halas, ya ƙare. Ya koma gadin wani sito, bai taɓa ɗora mini laifi ba.

Na koyi cewa iyawarka a garinku ba ta bin ka ƙasar wasu. 'Yan'uwa matasa, in ɗan gari ya tsaya yana yi muku kashedi, ku saurara ko da ba ku jin yarensa, ku nemi mai fassara. Mu dariya muka yi, aminina ya biya da ƙafarsa.