Ɗan Farin Likita

Har yau in na ji mace tana yabon kunyar mijinta, sai in ce mata Allah ya bar ku tare, in ja bakina in yi shiru. Ni na ga inda kunya ta kusa raba ni da ɗana, kuma ba kunyar kowa ba ce, ta ubansa ce.

Cikina na fari ne, muna zaune a Roni inda maigidana yake koyarwa a firamare. Cikin yana wata bakwai, ana tsakiyar marka, na wayi gari ƙafafuna sun kumbura suntum, kaina yana sarawa. Aka sa ni a motar haya sai asibitin Kazaure, ranar kuma aka yi mini aiki aka ciro yara biyu, duka maza. Ban gan su ba sai washegari, da aka tura ni a keken marasa lafiya zuwa ɗakin jarirai. Kowanne yana cikin kwalbarsa, akwatin gilashin nan mai ɗumi da ake sa bakwaini, da siririyar roba a hanci. Na biyun ya ɗan fi kumari. Na farin kuwa, wallahi ɗan shila ya fi shi tsoka. Fatarsa ja, ana ganin jijiyoyi, haƙarƙarinsa yana shiga yana fita.

Dangin maigidana Fulani ne na wajen Gwiwa. Sun zauna sun kama noma, shanun sun ragu, amma kunyar ko ƙwayar gero ba ta ragu ba. A gidansu uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya ko kallonsa in da babba a wurin. Mu ma a cikin garin Kazaure muna yi, ban ce ba ma yi ba, amma namu bai wuce a ɓoye suna a sa laƙabi ba. Su kuwa sun ɗauke shi kamar farilla. Shi kansa Malam ɗan fari ne, kuma tun da na shiga gidan ban taɓa jin surukata, wadda muke kira Inna, ta yi masa magana kai tsaye ba. Yana tsaye a gabanta za ta dubi bango ta ce, "A faɗa wa wancan abinci ya sauka."

Inna ta iso tun ranar aikin da ƙwaryar fura da tabarmarta. Tana fama da tari, don haka Sistar da ke kula da ɗakin ta hana ta shiga. Sai ta shimfiɗa tabarmar a baranda, daidai tagar gilashin da ake leƙen yara. To tun da ta kafa zama a nan, ɗanta ya zama baƙo. Zai shigo, ya wanke hannu har gwiwa, ya wuce kwalbar na farin kamar babu kowa a ciki, ya tsaya a kan ta na biyun yana ta masha Allah. In zai fita sai ya sunkuyo ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Yaya ɗayan?"

"Ga shi nan a bayanka, Malam," nake cewa. "Juyawa kawai za ka yi."

Ba ya juyawa. Ni kam tun ranar farko na cire tawa kunyar na ajiye a bakin ƙofa tare da silifa. Wadda ake tatsar nononta a kofi a gaban mata goma, wace kunya ta rage mata?

Ban da wannan ga Inna da nata lissafin. Ta sa an kawo itace da ganye wai a dafa mini ruwan wankan jego a bayan asibiti, ni da ɗinki ɗanye a mara. Sista, wadda mutuniyar kudancin Kaduna ce amma ta daɗe a Kazaure har ta fi ni iya zaurance, ta lallashe ta da ƙyar. Ranar suna aka yanka raguna biyu a Roni, babu yara, babu mai jego, babu wanzami. Ba a sha wahalar zaɓe ba, tunda tagwaye da sunansu suke zuwa. Aka kawo mini soyayyen nama a kwano, na ci ina kallon kwalba.

Na biyun ne ya fara fita daga tasa. Sista ta koya mini yadda zan riƙe shi: a tuɓe shi sai hula da famfas, a kwantar da shi tsakanin nonuwana, fata da fata, a ɗaure da zane. Ta ce ɗumin jikina zai yi masa aikin kwalba. Inna ta leƙo ta taga ta riƙe haɓa, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin goyo a gaba ba sai wajen biri. Yaron ya lafe, bayan 'yan kwanaki ma ya fara kama nono da kansa.

Ana nan sai aka kawo wata jaririya daga Babura, wadda ko numfashi ba ta iya yi ita kaɗai. Tasa kwalbar da na biyun ya bari tuni an sa wani a ciki. Sista ta zo ta zauna a gefen gadona ta ce, "Maman 'yan biyu, na farinki yana numfashi da kansa yanzu, waccan kuwa ba ta yi. Za mu fito da shi. Amma jikinsa bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Dole ya kasance a ƙirjin mutum, ba dare ba rana. In ya yi sanyi, zai iya tafiya."

Na ce a ɗaura mini su duka biyun. Aka gwada. Zazzaɓi yana jikina, ɗinki yana ja, jiri ya ɗebe ni har sai da aka tare ni. Sista ta ce a'a, ƙirji na biyu ake bukata. Mahaifiyata ta rasu tun ina makaranta, yayata tana Kano da nata jegon, Inna ga tari. Saura mutum ɗaya, kuma yana tsaye a wurin da hularsa a hannu.

"A ba ni na biyun," in ji shi, "ke ki riƙe ɗayan."

Muka yi masa bayani kamar yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya. Na biyun yana kan nono kusan kowane lokaci, dole ya zauna a jikina. Na farin kuwa har yanzu da ɗan kofi ake ɗura masa abin da na tatsa, ƙirjin kowa zai yi masa. In aka ce a yi ta musanya, duk kwancewa da ɗaurewa sanyi ne yake shigarsa. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, sannan ya dubi taga ya ce, "Inna tana waje."

Ana ruwa a lokacin, iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. An naɗe na farin a tawul an kwantar da shi kusa da ni. Na sa hannu na taɓa tafin ƙafarsa, na ji shi kamar ruwan randa. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, kuma ban rage murya ba.

"Malam, in yaron nan ya mutu, a hannu ake kai irinsa maƙabarta. Kai za ka ɗauke shi, ko nan ma kunya za ka ji?"

Idanun Malam suka kaɗa suka yi ja. Na san yana son yaron, ai shi ya sa abin ya fi ci mini rai. Amma ko maɓalli ɗaya bai ɓalle ba. Da ina iya tashi da na yage rigar da hannuna.

Sai muka ji tarin Inna a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba, ta tsaya daga waje ta yafito Sista.

"'Yar nan, da aka yi wa yarinyar nan aiki, wanne ne ya fara fitowa?"

"Ba wanda ya fito da kansa, Inna. Likita ne ya sa hannu, wanda ya fara taɓawa shi ya ɗauko."

"Da ɗayan ya fara taɓawa fa?"

"Da shi ne na fari."

Inna ta juya carbinta. Can ta ce, "To ashe mu ba mu da ɗan fari a nan. Wannan ɗan farin likita ne. Shi ya zaɓa, shi ya ji kunyarsa." Sannan ta dubi bango ta ce, "A faɗa wa wancan ya cire riga."

Haka nan kawai. Ni na yi roƙo, na yi bayani, na yi faɗa, na ambaci kabari, duk a banza. Tsohuwa ta yi wa bango magana, mutum ya tuɓe har singileti. Sista ta ɗaura masa yaron da zanena mai furanni, ya zauna a kujerar roba a cikin mata kamar an dasa shi, yana tsoron ko numfashi mai ƙarfi. Inna kuwa ta ja tabarmarta ta juya wa taga baya. Kafin la'asar na miƙa hannu cikin zanen, na ji ƙafar ta yi ɗumi.

Ya ɗauki hutu a makaranta. Salla da banɗaki ne kawai suke tashinsa, a lokacin nake karɓar yaron. Matan ɗakin suka sa masa suna mai jego, ya sha tsiya har ya saba. Yaron ya fara ƙara nauyi kaɗan-kaɗan, wata rana kuma ya kama nono.

Kada wani ya ce mini Inna ta yarda da maganar likitan nan. Ta san na fari sarai. Har yau ba ta yarda ɗanta ya kira sunan yaron a gabanta, shi ma bai taɓa gwadawa ba. Yaran suna firamare yanzu, na farin ya fi ƙaninsa tsawo da rashin ji, amma in uban ya dawo daga aiki har gobe "Yaya ɗayan?" yake ce mini, ni kuma in ce ya je ya tambayi likita.

Abin da ban manta ba shi ne ranar da tarin Inna ya warke aka bar ta ta shigo, ana gobe za a sallame mu. Ta tarar da Malam barci ya kwashe shi a kujera, kansa ya karkace, baki a buɗe, yaron yana lafe a ƙirjinsa. Na ɗauka jikan za ta leƙa. Ba shi ta kalla ba. Fuskar ɗanta ta tsaya tana kallo, ta daɗe, irin kallon da ban taɓa ganin ta yi masa ba, har ta ɗaga hannu kamar za ta gyara masa wuya. Sai ya motsa. Nan da nan ta mayar da hannun cikin mayafi, ta juya ta dubi bango.

"A faɗa wa wancan," in ji ta, "hular yaron ta zame."