Riga-kafin Yaya

Yayana tela ne, ko in ce ɗan tela da ya gaji shago. Abba ya rasu ya bar masa keke biyu, da teburin yanka, da wani baƙin almakashi mai nauyi wanda a da ko taɓa shi ba ma isa mu yi ba. Ni ce mai saka maɓalli da guga a shagon, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Shekara biyu ke nan da wani abokinsa ya saka masa wasan ces a waya, darar nan mai sarki da sarauniya da dawakai. Da ma irin wanda ake zama a yi tunani ne, da ban ce uffan ba. Ina! Yaya na minti ɗaya ya zaɓa. Kowa minti guda gare shi, wanda agogonsa ya riga ƙarewa ya faɗi, ko da kuwa shi ke da rinjaye. Mutumin da wando ɗaya ke cinye masa kwana uku, wai shi ne yau gwanin sauri.

Da farko lallasa shi ake yi, yana tsaki yana zagin netwok. Sai ya shiga gyara. Ya yanke farcen babban yatsa, ya janye teburin yanka zuwa bakin taga inda waya ta fi kamawa, ya koma goge fuskar wayar da ƙyallen mutane. Rannan ya kira ni yana washe baki.

"Zo ki ga ilimi. Ba sai na jira abokin karawa ya yi nasa ba. Tun yana tunani nake saka nawa, da ya motsa sai nawa ya tafi da kansa. Riga-kafi ke nan."

"To in ya yi abin da ba ka zata ba fa, Yaya?"

"Ke dai ba ki san komai ba. Mutane duk abu ɗaya suke yi."

Makinsa kuwa ya dinga hawa, ya ɗora wa ransa sai ya kai dubu biyu. Riga-kafin nan ya bar waya ya koma bakinsa. Kafin ka gama tambaya ya ba ka amsa, kafin mai kaya ta faɗi irin wuyan da take so ya ce ya gane. Abin ya dinga ba ni takaici, domin Abba shiru yake yi har mutum ya kai aya, sannan ya ɗago ya ce, "Sai me kuma?" Da wannan tambayar ya riƙe masu kawo ɗinki shekara talatin. Yaya ya kore su cikin shekara ɗaya.

Mutum ɗaya ya rage mana, Hedimasta, aminin Abba. Duk shekara shi ke kawo ɗinkin kayan makarantarsa, kuma wannan aikin ne ke riƙe da shagon da tukunyar gidanmu. In ya tafi, sai dai mu rufe ƙofa.

Ranar Litinin da safe ya zo da bandir-bandir na yadi, ya tarar da Yaya a tsakiyar wasa.

"Ɗana, bana akwai ɗan..."

"Na gane, Baba, kamar kullum."

"Wato rigunan nan..."

"Ba matsala, Baba, sati uku."

Dattijon ya tsaya yana kallon tsakar kan Yaya, don fuskar tana cikin waya. Daga ƙarshe ya ce akwai takarda a cikin kayan, ya yi sallama ya fita. Na ce, "Yaya, kamar fa bai gama magana ba." Ya ce shekara ashirin riga ɗaya ake ɗinkawa, me zai faɗa sabo?

Ban taɓa ganin Yaya da zafin nama kamar wannan makon ba. Ya jera yadi hawa goma-goma, ya ɗora tsohon awo, ya bi da almakashin Abba. Kwana biyu ya gama yankan duka, don ya samu ya koma wa makinsa. A gindin bandir na ƙarshe na tsinci takardar ina shara. An canja rigar: dogon hannu, kuma ta sauko har gwiwa. Namu gajeru ne duka, abin da ya rage na yadin ko hula ba zai yi ba.

Da Hedimasta ya zo ya gani, bai ɗaga murya ba. Ya ɗauki riga ɗaya da aka yanka, ya juya ta, ya ajiye.

"Don Abbanka nake zuwa nan," ya ce. "Yau na tabbatar ba ya nan."

Ya sa aka kwashe komai. Yaya ya ce kansa ya ɗauki zafi, bari ya ɗan huce, sai ga shi ya zaro waya. Wallahi da la'asar ɗin nan ya kai dubu biyun.

Ni na riga shi isa gida, kuma da ma Umma ta ji labari ta sa na taho mata da almakashin. Ya shigo ya same ta zaune da shi a cinya, amma bai ko lura ba. Ya miƙa mata wayar yana bayani: cikin 'yan wasa ɗari, ba a fi biyar da ke kaiwa nan ba, ga wanda ya doke, ga daƙiƙar da ta rage masa. Umma ba ta katse shi ba. Ta bar shi ya zuba har ya ƙare, ta naɗe almakashin a gefen zanenta, ta ɗago ta dube shi.

"Sai me kuma?" ta ce.

Yaya ya buɗe baki. Na tsaya ina jira, amma wannan karon bai tanadi amsa ba.