Agogon Ladan

Shekarar da yanar ido ta fara rufe wa Malam gani, ni na riga kowa ganewa. Maigidana shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Yalwan Damai tun kafin a kawo ni gidan. Bai taɓa riƙe agogo ba. Inuwarsa yake aunawa da taku a bakin masallaci, kamar yadda mahaifinsa ya koya masa, in ta kai sai ya kira salla. To, sai na lura yana daɗewa a tsaye cikin rana yana laluben ƙarshen inuwar da yatsan ƙafa. Maganar ta fara yawo har wajen 'yan daka, wai a nemi wani a ba shi kiran. Malam kuwa ba shi da abin da ya fi wannan kira. Ko gonarsa ba ta kai shi ba.

Na sayar da 'yar akuyata, ranar kasuwa na shiga Birnin Kudu. Aka nuna mini wani dattijo mai gyaran agogo a gindin bedi, da gilashi ɗaure a ido ɗaya.

"Inna, jirgi za ki kama ne?" in ji shi.

Na ce, "Na maigida ne. Wanda ba ya ƙarya nake so, kuma wanda bai fi ƙarfina ba."

Ya ture masu ƙyalli gefe, ya ce waɗannan na samari ne, batir na mutuwa sun zama abin ado kawai. Ya ciro wani tsohon agogon aljihu mai murfi da sarƙa, bayansa duk ya goge. Ya kara mini a kunne. Ya ce a yi masa wani, wato a murɗa kansa, kullum da safe, kar a cika shi har ya ƙi juyawa, kar ruwa ya taɓa shi. Na tambaye shi na waye a da. Ya ce mai shi ya daina bukatar lokaci. Ban ƙara tambaya ba.

Sai da Malam ya buɗe murfin, ya kawo shi dab da hanci, ya mayar nesa, sannan na gane abin da na yi. Wanda bai ga inuwarsa ba, ina zai ga hannun agogo?

Can ya ce, "Ke ba kin je yaƙi da jahilci ba? Ko alli kawai kuka ci?"

Haka muka fara. Ni nake duba inuwar, in duba agogon, har na riƙe inda hannayen suke tsayawa a Azahar da La'asar. Idan rana ta karkata sai ya shigo kamar zai sha ruwa, ya buɗe murfin a gabana, in ce saura, ko in ce ya yi. Daga nan ya fita bakin masallaci, ya sake buɗewa a gaban mutane, ya gyaɗa kai, ya sa hannu a kunne. Maganar canza shi ta mutu. Har liman yakan ce, "Malam, me agogonka ya ce?"

Da damina 'yarmu ta fari ta haihu a Maruta, can ƙasar Gwaram. Haihuwar ta zo da wuya, aka aiko in je. Na ce wa Malam ya gaya wa ƙaninsa gaskiya, ya riƙa duba masa. Ya ce in tafi kawai, Allah na nan.

Ranar da na dawo, ina saukowa daga babur a bakin gari, aka ɗaga kiran La'asar. Ba muryarsa ba ce. Na tsaya da ƙullin kayana a ka har aka gama.

Maƙwabciyata ce ta ba ni labari. Wata rana hadari ya rufe gari tun safe, babu rana babu inuwa. Malam ya fito, ya buɗe agogo, ya daɗe yana kallo, ya kira La'asar. Aka yi salla, aka watse. Sai ga wani baƙo ya ce lokaci bai shiga ba sam. Liman ya ce Malam ya nuna masa agogon. Ya miƙa. Agogon lafiya lau, daidai yake tafiya. Sai da jama'a suka sake sallar.

Na same shi a zaure. Ya tambayi mai jego da jariri, na amsa. Na ce, "Malam, me ya hana ka gaya wa ƙaninka?"

Ya ce, "Na je ƙofarsa. Na kasa sallama."

Ya rayu damina biyu bayan nan. Bai taɓa kushe sabon ladanin ba. Amma duk lokacin da aka ɗaga kira, in yana zaure, sai in ga hannayensa sun taso daga cinya sun nufi kunne, su tsaya a hanya, su koma. Bai san ina gani ba. Yanzu jikokina ke wasa a zauren. Idan aka fara kira nakan ce su shigo ciki, ni ma ba na ɗaga kai in dubi wajen.