Shafin da Na Tsallake

Har gobe ban manta da wata Laraba ba, a shekarata ta uku ina aikin nas a wani ƙaramin asibiti a Tudun Wada. A tsarinmu, bayan rabon maganin rana kowace nas tana da hutun rabin awa. Abokan aikina su tafi cin abinci da gulma, ni kuwa mayyar karatu ce, sai in ɗauki littafina in nemi inda babu surutu.

Wurin da na samu shi ne gefen gadon Baba Yohanna, tsohon malamin makaranta. Jini ya hau masa, ya kwana goma sha ɗaya bai motsa ko yatsa ba, ta hanci ake ba shi abinci. Ni kuma ban iya karatun zuci ba, sai na riƙa furta kalmomin a hankali.

A ranar ce 'ya'yansa suka sa hannu a takardar sallama, za su mayar da shi gida da la'asar. Kowa ya san ma'anar haka: a cire robar abinci, a jira lokaci.

Ina cikin karatu, na ƙagu in ga ƙarshen labarin, sai na tsallake shafi uku na ci gaba. Ɗakin tsit, ko fanka ba ta juyawa. Sai na ji wata busasshiyar murya dab da kunnena:

"Koma baya."

Tsigar jikina ta tashi. Na waiga, ba kowa. Na dubi Baba, idanunsa a rufe, bakinsa yadda na bar shi. Wallahi na ji tsoro, na ruga wurin Sista Rahila, shugabar ɗakin, na gaya mata abin da na ji.

Ta ce, "Karatun nan naki ya fara taɓa ki, Hadiza."

Na ce, "Don Allah Sista, zo ki tsaya minti biyar kawai."

Ta zo ta tsaya tana harara ta. Na karanta shafi ɗaya daidai, sannan na tsallake da gangan. Bai yi magana ba. Amma yatsansa ya ɗaga, ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado sau biyu. Sista ta fita da gudu kiran likita, aka soke sallamar nan take.

Sai bayan mako uku bakinsa ya buɗe sosai. Ya kama hannuna ya ce, "'Yata, duk abin da ake faɗa a kaina ina ji. Ina ji yarana suka zaɓi inda za a binne ni. Muryarki ce kaɗai ba ta zancen mutuwata."

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku kama bakinku a gaban marar lafiya, ko da kun ga kamar ba ya nan. Ni ma ina cikin waɗanda suka ce ba zai kai Juma'a ba, kuma a kansa na faɗa.