Muddassir, Wanda Bai Taɓa Goge Hoton Kowa Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, da hantsi, Allah ya karɓi ran ɗan ƙanwata, Muddassir Dikko, mai gyaran kwamfuta a Tasawa, bayan jinyar da ta kwantar da shi tun ƙaramar salla. Ya bar mata ɗaya, Halimatu, da ɗiya ɗaya, Raihana, wadda ba ta isa shiga lakwal, wato makaranta, ba. Ya kuma bar tsohuwar kwamfutarsa, inda hotunansa da bidiyonsa da muryarsa suke gaba ɗaya, don salularsa ta daɗe da mutuwa bai sake wata mai hoto ba. A kan wannan kwamfuta nake son yin magana, ko da wasu za su ji haushina.

Muddassir, ka tuna ranar da ka zo gidana a Urafan? Tawa kwamfutar ta yi nauyin da sai in kunna ta, in yi alwala, in yi salla, in dawo tana nan tana tunani. Wani ya ce in kai ta a yi mata formate, wato a share komai a fara daga farko. Na ƙi, domin hotunan ƙanwata Uwa, mahaifiyarka, duk suna ciki. Ka shigo ka tarar da ita lulluɓe da ƙyalle mai ado, kamar yadda kowane gida a nan yake rufe abu mai daraja, tana aiki tana huci a ƙarƙashinsa. Ka yi dariya har ka zauna ƙasa. Ka ce, "Kawu, amarya ce? Mi ya sa kuka toshe mata hanci? Wanga ƙyalle shi ke dafa ta."

Ka yaye ƙyallen. Ka kwance bayanta, ka hure rairayin da ya cushe fankar. Ka nuna mini tarin manhajojin da ke tashi tare da ita duk sanda aka kunna, ka kashe su in ban da biyu ko uku. Ka cire waɗanda ban taɓa buɗewa ba. Ka tarar da maganin birus, cutar kwamfuta, iri biyu suna kokawa da juna, ka kori ɗaya. Ka hana ni cusa mata kowane kile, wato filas, da aka loda wa waƙoƙi a kasuwa. Ka ce diski kamar rumbu yake, in an cika shi har baki ba mai iya juyawa a ciki, sai a rage, a kwashe hotuna a ajiye kwafi a wani wuri. Daga baya ka ƙara mata memuwa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, wadda ka ciro daga wata matacciyar kwamfuta. Yini guda ka ɓata a kanta. Da yamma ta buɗe da sauri, fuskar Uwa tana nan ba abin da ya taɓa ta. Ka daɗe kana kallonta.

Haka ka yi wa rabin Tasawa. Formate aikin ɗan lokaci ne, amma ban taɓa jin ka yi wa wani ba tare da ka fara kwashe masa kayansa ba. Cewa kake, "Ba ni goge abin da ban san darajarshi ba." Malaman lakwal, 'yan buro masu aikin ofis, masu shaguna, har daga Mayahi ake aiko maka a kan kabu-kabu. Da yawansu "Allah shi yi albarka" kawai suke bari, kai kuma kunya ta hana ka buɗe baki.

To, ina suke da ka kwanta? Zan faɗa, don na zauna a bakin gadonka na gani. Waɗanda suka zo ba su cika hannu ba. Cikinsu akwai wanda ya shigo da jaka a kafaɗa, ya yi sannu sau ɗaya, ya zaro kwamfuta ya ɗora maka a cinya, wai ta yi nauyi. Kai kuma ka karɓa, ka gyara. Har yau in na tuna, raina ɓaci yake yi.

Taka kuwa ba ka taɓa samun lokacinta ba. Ita ce mafi nauyi a garin. Na sha yi maka tsiya a kai, kana cewa sai ka samu sarari za ka kwashe hotunan Raihana a kile. Duk da haka yarinyar ta saba da ita. Takan zauna ta jira ta buɗe, komai daɗewa, don ta ga bidiyon da kake goye da ita kuna zagaya tsakar gida.

Kwana kaɗan da rufe ka, na tambayi Halimatu ina kwamfutar. Ta ce yayanka Ashiru ya ɗauka. Na same shi. Ya ce, "Kawu, an saida ta, an sayi shinkafar sadakar bakwai. Ai don shi aka yi." Ni kawu ne, dangin uwa, ba a shawara da ni kan kayan mamaci. Ban tsaya musu ba, na nufi shagon da ya kai ta. Mai shagon ya tarbe ni da fara'a. Ya ce, "Baba, odinater ɗin, kwamfutar nan, nauyi gare ta, wa zai saye haka? Na yi mata formate, na zuba sabbin kaya. Dubi yadda take gudu." Ya danna. Kafin in gyara tsayuwa ta buɗe. Ban taɓa ganin ta yi sauri irin haka ba, kuma babu komai a cikinta.

Ranar sadaka gida ya cika. Duk waɗanda ba su leƙo ka ba sun zo, sun ci shinkafar, sun yabe ka. Na kasa kai loma bakina. Na koma Urafan na bincike tawa kaf. Hotunan Uwa da ka ceto suna nan. Naka babu ko ɗaya, don kullum kai ne mai riƙe da abin ɗauka. Jiya Raihana ta kama rigata ta ce, "Kaka, a kunna mini Baba." Na ce mata na'urar tana wurin gyara. Ta ce za ta jira, ai ta saba.

Allah ya jiƙanka, Muddassir. Allah ya haskaka kabarinka, ya shafe kurakuranka, ya kiyaye maka kowane alheri da ka yi, har wanda mutane suka manta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Halimatu da dangi baki ɗaya, har da Ashiru, wanda nake roƙon Allah ya ba ni ikon yafe masa. Allah ya raya Raihana, ya tsare mata fuskar ubanta a zuciyarta, domin nan kaɗai ta rage. Amin.