Idon karsanar amana

Wana ya dawo daga Aljeriya da bindigogin iska biyu, ɗaya faɗin bakinta milimita huɗu da rabi, ɗaya biyar da rabi. Ya ce don tsuntsayen da ke cin gero ya sayo su. Ƙarya yake, son wasa ne kawai, ni ma kuma ban fi shi ba.

Duk Lahadi in mun taso daga majami'a sai mu zauna bayan gida muna gwaji. Gwangwanin tumatir, tsohon kwano, guntun katako. Mukan jingina su da tubalin laka don harsashin dalma ya tsaya a ciki. Da ƙaramar ta kasa huda kwanon, wana ya kai ta wurin wani bakanike a Tasawa, aka cire ƙarfen nan mai naɗi da ke cikinta, wanda suke kira resor, aka sa mai tauri.

Ran da aka dawo da ita, ni na ce a bar tubalin. A lissafina ƙaramin harsashi ƙaramin ƙarfi, tunda babban ma da ƙyar yake fasa katako. Na rataye gwangwani a jikin zana, na ɗauki ƙaramar, na ja da baya, na harba.

Gwangwanin ko motsi bai yi sosai ba. Sai kuka daga bayan zanar, irin wanda ban taɓa jin saniya ta yi ba.

A nan muke ɗaure karsanar da wani dattijon Bafulatani, aminin marigayi babanmu, ya ba mu amana tun baban yana da rai. Habbanaye suke cewa: ka riƙe ta har ta haihu, maraƙin naka ne, uwar ta koma wa mai ita yadda ya ba ka. Na zagaya a guje. Harsashin ya ratsa gwangwani, ya ratsa zana, ya shige idonta na hagu. Na zauna a ƙasa ina kallon jini yana bin kuncinta.

Ranar kasuwar Baudeta dattijon ya biyo. Wana ya so mu ce ƙaya ce ta soke ta. Na kasa. Na ce, "Baffa, ni na harbe ta. Gwaji mukai."

Ya daɗe yana shafa wuyanta.

"Gwajin mi, ɗana?"

"Mu ga wadda ta hi ƙarhi."

"To, kun gani?"

Na ce ya ɗauki bijiminmu a madadinta, ko ya tafi da abarsa. Ya girgiza kai.

"Ni da ubanka munka yi magana, sai ta haihu. Ba ni tada maganar da na yi da mamaci."

Matata ta kawo masa fura. Shekara talatin yana shan furar gidanmu. Ya dubi ƙwaryar, ya yi godiya, ya ɗauki sandarsa ya fita bai sha ba.