Kunnen da Ya Rage wa Lasifika

Idan Lasifika ya ce maka "ina kwana" daga ƙofar gidansa, mutanen layin baya ne ke fara amsawa. Ba da gangan yake yi ba, bawan Allah, shi a ganinsa a hankali yake magana. Shekara ashirin da shida ya yi a masaƙa, tsakanin injuna ɗari da wani abu masu kaɗawa lokaci guda, har ƙarar ta kashe masa kunnen dama gaba ɗaya, ta bar masa na hagu rabi da rabi. A can abokan aiki suka laƙaba masa sunan, ya biyo shi gida, har surukansa ma da shi suke kiransa idan ya ba da baya.

A ɗakin saƙa ba a jin maganar kowa, ko ihu za ka zuba wa mutum a kunne. Saboda haka masu aikin suka koyi karanta leɓe. Dogo, makaniken layinsu, zai tsaya can ƙarshen ɗaki ya motsa baki, Lasifika ya gane bel ɗin inji na tara ya kusa tsinkewa. Da haka suke gulmar shugaban sashe yana tsaye a tsakiyarsu, da haka suke ba juna labarin haihuwa da na rasuwa. Da haka kuma Lasifika ya riga kowa sanin za a rufe masaƙar, ranar da ya ɗaga kai ya hango manaja ta gilashin ofishin sama yana ce wa wani baƙo, "Ƙarshen wata ke nan." Sati biyu yana yawo da maganar a cikinsa, ko Dogo bai faɗa wa ba.

To, aka ba su takardun sallama, aka sa kwaɗo a ƙofa. Sai zaman gida.

Kai, zaman gida bai karɓi mutumin nan ba ko kaɗan! Jikinsa bai san an rufe masaƙa ba. Ƙarfe shida ya yi wanka, ya sa takalmi, ya ɗaure igiyarsa tam, sannan ya tuna babu inda za shi. Sai ya juya kan kayan gida. Ya kwance fanka lafiyayya ya mayar, ta fara kuka. Ya shafa wa keken ɗinkin matarsa mai har ya ɓata mata yadin mutane.

"Malam, don girman Allah ka fita ka sha iska," in ji ta. "Ka bar mana abu ɗaya a gidan nan da ba ka gyara ba."

"Iye?"

"Na ce sannu da aiki!"

Fitar yana yi, ba wai ba ya yi ba. Ya je neman gadi a wani kamfani, aka ce me za su yi da maigadin da ba ya jin hon. Ya je wani sito, mai ɗaukar ma'aikata ya yi ta magana kansa a sunkuye kan takarda, Lasifika bai ga bakinsa ba balle ya san me aka tambaye shi, ya amsa abin da ba shi ke nan ba da muryar da ta firgita sakatariya. Wata tara ana haka. Ya dawo ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, rediyo manne a kunnen hagu, yana kallon inuwar katanga tana tafiya. Abin da ya fi damunsa shirun nan ne, don a cikin shiru wani siririn fito ke tashi a kansa, ba ya tsayawa.

Wuri ɗaya ne aka neme shi da kansa. Mai injin niƙa na bayan kasuwa ya aiko Dogo ya ce yana son wanda ya san inji, wanda ƙara ba ta damunsa. Amma Auta ta tsaya kai da fata. Auta ita ce ƙaramar 'yarsa, tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin jinya, ita ce kuma ta ja shi asibiti aka leƙa kunnen. Likita ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: na hagun ma da ƙyar yake riƙe, idan ya koma cikin ƙarar inji, shekara ɗaya ko biyu shi ma zai tafi, kuma ba ya dawowa.

"Baba, ka yi mini alkawari," ta ce a hanyar dawowa.

Ya yi mata. Yana son muryar yarinyar nan, ita kaɗai ce yake ji ba sai an maimaita ba.

Sai dai akwai kuskuren da mutanen gidan suka yi ta yi, su da ba su taɓa shiga ɗakin saƙa ba. Sun san ba ya ji, saboda haka idan za su yi maganar da ba sa so ya sani, sai su rage murya. Murya kawai. Fuska kuwa tana kallonsa, a tsakar gida, da rana tsaka. Shi kuma bai taɓa ce musu yana gani ba, da farko don abin yana ba shi dariya, daga baya don kunya. Ya ga matarsa ta ce wa Auta, "Sa masa naman, ki ce mun ci namu." Ranar ya ce haƙori ke masa ciwo, ya tura kwanon gaban Auta. Ya ga ƙanwar matarsa ta ce, "Har yanzu yana zaman kashe wando?" ya ga matarsa ta watsa mata harara ta ce, "Shekara ashirin da shida yana ciyar da mu, har da ke." Ya sunkuyar da kai yana murɗa rediyo kamar tasha ce ta ɓace masa.

Wata ranar Alhamis da la'asar, matar tana kan keke, Auta tana ninke kayan da aka ɗinka. Yana zaune a wurinsa. Auta ta matsa kusa da uwar, leɓɓanta suka motsa.

"Mama, na rubuta takardar ajiye karatu. Litinin zan kai. Mai shagon magani ya ce in fara ranar Talata."

Keken ya tsaya. "Saura shekara ɗaya fa ki gama."

"Ɗinkin nan ba zai riƙe gida da makaranta ba, ke ma kin sani. Idonki ma ya fara gajiya."

"Kada babanki ya ji."

"Ina zai ji, Mama?"

Wannan kalmar ta ƙarshe ta soke shi, ba don rashin kunya aka faɗe ta ba, don tausayi ne, kuma tausayin ya fi zafi. Ya tuna ranar da ta fara sa farar rigar makarantar, ya fito da ita ƙofar gida yana ce wa maƙwabta su zo su ga likitarsa, har layin baya aka fito. Ya kashe rediyon, ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari ƙarfe shida ya ɗaure igiyar takalminsa, wannan karon ya fita. Ya ce wa matar zai leƙa Dogo.

Sai ranar Asabar Auta ta gane, da ta ga farin gari a gashin girarsa da cikin kunnensa. Ta bari ya fita, ta bi bayansa har wurin injin niƙan bayan kasuwa. Rumfar kwano ce ƙarama, inji biyu na ruri, mata sun jera robobin hatsi a layi. Ga babanta tsaye fari fat, hannu ɗaya a kan mazubi, yana kallon bakin kowace mata yana gyaɗa kai: wannan mai laushi take so, waccan a ɓarza mata kawai. Ba wadda ta maimaita magana. Wata tara rabon da ta ga kafaɗunsa a miƙe haka.

Ta kutsa ta tsaya gabansa tana ihu, ita kanta ba ta jin abin da take faɗa. "Baba! Ka yi mini alkawari!"

Ya rage wutar injin, ya dube ta. "Litinin aji za ki, ba ofis ba. Kawo takardar nan in gani."

Ta yi sororo. "Wa ya faɗa maka? Mama?"

"Ke kika faɗa mini. Kina ninke shuɗin yadi."

Ya nuna leɓensa da yatsa. Ta tsaya tana kallonsa, a hankali abin ya sauka mata: naman, ciwon haƙorin ƙarya, maganar ƙanwar uwarta, duk abin da suka yi ta raɗawa a gabansa. Ta rufe baki da hannu, hawaye suka zubo.

"Kunnenka fa, Baba?"

"Wata tara ina tattalinsa, me na ji da shi? 'Babu gurbi, babu gurbi.' Ke dai ki gama, Auta. Ki kuma bar kuka a gaban masu niƙa, za su ce na cinye miki gari."

Ta kawo masa abin toshe kunne daga asibiti, yana sawa idan ya hango ta, yana cirewa idan ta tafi, wai sai da kunne yake sanin lafiyar inji. Ta yi faɗa har ta gaji.

Bayan shekara da 'yan watanni sakamakon jarrabawarta ta ƙarshe ya fito. Ba ta tsaya neman mota ba, da gudu-gudu ta iso bayan kasuwa da takardar a hannu. An kashe injuna, rumfar tsit, yana durƙushe yana share gari da tsintsiya, ya ba ƙofa baya.

"Baba!"

Ya ci gaba da shara.

Ta matso ta ɓangaren hagu, dab da kunnen. "Baba, na ci!"

Tsintsiyar ba ta tsaya ba.

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta goge idonta da bayan hannu, ta zagayo ta durƙusa a gabansa inda zai ga fuskarta sosai, ta motsa baki a hankali, ba murya: "Baba."

Fuskarsa ta washe. "Na'am, likitata!" ya amsa, har masu shagunan bakin titi suka waiwayo.